Turanci ya zama harshen hukuma a Amurka: yadda zaka yi gardamar da hujja, da yadda zaka nemi haƙƙinka

Tun ranar 1 ga Maris 2025 da Trump ya sa hannu a takardar da ta ce Turanci ne harshen hukuma na Amurka maganar nan taƙi mutuwa a gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp, yau wani ya turo odiyo wai duk wanda aka ji yana Hausa a jirgin ƙasa a New York ɗan sanda zai iya tare shi, gobe wani ya taso ya ce ai daidai ne tunda kai ka baro garinku ka zo ƙasar mutane dole ka bi yarensu, daga nan sai cacar baki har a kai ga gori da fita daga gurup. Kuma in ka bi masu gardamar ɗaya bayan ɗaya da wuya ka samu wanda ya karanta takardar, alhali 'yar gajeriya ce, kafin shayinka ya huce ka gama ta. Ni dai ina da ɓangare kuma bazan ɓoye ba, ina so duk ɗan'uwanmu da ke can ya koyi Turanci iya ƙarfinsa, sannan ina adawa da duk wani tsari da zai bar tsohuwa a gaban likita ba tafinta. Toh ga yadda zaka riƙe maganar in ta tashi, ga kuma abin da zaka yi ranar da ta fito daga waya ta same ka a asibiti ko a kotu.

Fara da sanin me aka sa wa hannu. A Amurka tsarin mulki daban, dokar majalisa daban, umarnin shugaban ƙasa daban, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 bai ambaci harshen hukuma ba ko sau ɗaya, har yau kuwa. Majalisa ma bata taɓa yin dokar ba, an dai sha gwadawa, a 1996 majalisar wakilai ta amince da wani ƙudiri amma ta dattawa ko kallonsa bata yi ba ya mutu a nan. Abin da Trump ya yi umarni ne mai lamba 14224, ma'aikatun gwamnatin tarayya yake wa magana, kuma shugaban da zai zo bayansa zai iya soke shi rana ɗaya, yadda shi ma a cikin umarnin ya soke na Clinton mai lamba 13166 na watan Agustan 2000, wanda ya wajabta wa ma'aikatun tarayya da duk mai karɓar kuɗin tarayya su yi tanadi saboda mutanen da Turancinsu bai nuna ba. Wannan sokewar ita ce naman maganar, can ya kamata idonka ya tsaya. Babu inda takardar ta ce laifi ne ka yi Hausa a titi ko a shago ko a masallaci ko a gidanka, hasali ma ta faɗa ƙarara cewa bata tilasta wa kowace ma'aikata ta daina fitar da takardu da wasu harsuna ba, ta bar wa shugabannin ma'aikatun zaɓi. Amma kada kuma ka tsallaka ɗaya gefen ka ce ba komai a ciki, domin a watan Yulin 2025 ma'aikatar shari'a ta fitar da jagora tana cewa ma'aikatu su rage hidima da wasu harsuna in ba dole ba, kaga abin da jiya wajibi ne yau ya koma ganin dama, kuma mun san yadda ganin dama ke ƙarewa in an zo maganar kasafin kuɗi. Saboda haka duk wanda ya turo maka odiyon tsoratarwa ka tambaye shi lambar dokar da ranar da aka yi ta, in ya kasa kawowa kada ka tura gaba.

Bayan nan sai ka raba tambayoyin, don yawancin faɗan da ake yi mutum biyu ne kowa na amsa tambaya daban. Ta farko, ya kamata baƙo ya koyi Turanci? Wannan ba gardama, ban taɓa ganin direban Uber ko mai aikin kula da tsofaffi da ya ce shi baya son Turanci ba, kowa ya san kuɗin aikinsa na tafiya da bakinsa. Ta biyu, gwamnati ta riƙa yin aikinta da Turanci? Ai da shi take yi tun fil azal, majalisa, kotu, soja, fom ɗin haraji, duk Turanci ne ba tare da an rubuta ba, Ingila kanta inda yaren ya fito haka take tafiya ba wata doka guda da ta naɗa shi, Ostireliya ma haka. Ta uku ita ce ainihin wurin: gwamnati ta daina taimakon wanda bai iya ba tukunna? Da zarar abokin gardamarka ya fara da cewa haɗin kai, ka tsayar da shi cikin ladabi ka ce malam na ji, amma faɗa min, matar da ta zo haihuwa bata jin Turanci a kira mata tafinta ko kada a kira? In ya ce a kira toh kun gama, ra'ayinku ɗaya, saura suna kawai. In ya ce kada a kira, toh yanzu ne aka fara gardamar gaskiya, kuma kowa a wurin ya ji abin da yake karewa.

Ka kuma san hujjar ɗaya ɓangaren da kyau, har ka iya faɗinta fiye da su, kada ka shigo da cewa duk mai son dokar nan mai wariyar launin fata ne don nan take za a kayar da kai. Mutumin da ya fara kai ƙudirin gyaran tsarin mulki kan wannan a 1981, Sanata S. I. Hayakawa na Kalifoniya, shi kansa ɗan baƙi ne, a Kanada aka haife shi iyayensa 'yan Japan, malamin harshe ne kuma, a 1983 ya kafa ƙungiyar U.S. English. Abin da suke cewa shi ne ƙasar da mutanenta suka fito daga ko'ina tana buƙatar yare ɗaya da zai haɗa su, fassara takardu na cin kuɗi, kuma in ka saba wa mutum da fassara zai zauna shekara ashirin bai koya ba ya ƙare a aikin ƙarfi mai arha, sai su nuna maka Kwibek ta Kanada inda masu Faransanci suka yi ƙuri'ar ɓallewa a 1980 da 1995, ta biyun ma da ƙyar aka sha. Waɗannan ba maganganun banza bane, ka amsa su ɗaya-ɗaya. Amma kai ma kana da damar tuna masa cewa wanda suka kafa ƙungiyar tare, John Tanton, babban ɗan adawa da shigowar baƙi ne, kuma a 1988 sai da ya sauka daga ƙungiyar bayan wata takardarsa ta fito fili inda ya yi maganganun ƙyama kan 'yan Latin Amurka. Watau tun asali tafiyar nan mutum iri biyu ne a cikinta, mai son baƙo ya ci gaba da mai son baƙo ya koma, kuma aikinka ne ka gano wanne ke gabanka.

Akwai wurin da ni kaina nake ba su gaskiya, maganar direbobin tirela. Dokar da ta ce direban babbar mota ya iya Turancin karanta alamun hanya da amsa tambayar jami'i tsohuwa ce, an dai yi sakaci da ita ne, a ƙarshen Afrilun 2025 Trump ya ba da wani umarnin daban, daga 25 ga Yuni aka fara sauke direba daga mota nan take in ya kasa. Mutumin da ke jan kaya masu nauyi a kan babbar hanya cikin dusar ƙanƙara ya kamata ya karanta allon da ke cewa an rufe hanya a gaba, wannan ran mutane ne. In kana wannan sana'ar ko kana shirin shiga, ka zauna ka haddace alamun hanya da tambayoyin da ake yi a wurin duba mota, daga ina kake, ina zaka, me ka ɗauko, awa nawa ka yi kana tuƙi, kuma ka sani a wannan gwajin ba a yarda ka ciro waya ta fassara maka ba. Yarda da irin wannan ba ya raunana ka a gardama, yana sa a saurare ka in ka zo kan asibiti.

Sai tarihi. Da farko ka yar da labarin nan da ke yawo wai saura ƙuri'a ɗaya Jamusanci ya zama harshen Amurka, ba a taɓa yin wannan zaɓen ba, abin da ya faru wasu Jamusawa ne a Virginia suka roƙi a riƙa buga musu dokoki da yarensu, majalisa ta tattauna a 1795 bata amince ba, shikenan. Tarihin gaskiya ya fi wannan nauyi. Lokacin yaƙin duniya na farko ƙiyayyar Jamusawa ta tashi, a 1918 gwamnan Iowa ya hana yin kowane yare in ba Turanci ba a makaranta da coci da jirgin ƙasa har da wayar tarho. Nebraska ta yi doka a 1919 ta hana koyar da ƙananan yara wani harshe, aka kama wani malami yana karantar da yaro ɗan shekara 10 labarin Baibul da Jamusanci aka ci shi tara, sai da maganar ta kai kotun ƙoli a 1923 ta rushe dokar, ita ce shari'ar Meyer da Nebraska, ka riƙe sunan. Duk mai ɗa a islamiyya ko makarantar allo ta ƙarshen mako a unguwar Bronx ta New York ya kamata ya san wannan shari'ar, don tana cikin abin da ya tsare wa iyaye damar koya wa 'ya'yansu abin da suke so da yaren da suke so. Kafin wannan kuma akwai makarantun kwana da aka riƙa kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasar ana kai su, irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, a aske musu kai a canza musu suna a dake su in sun yi yaren iyayensu, yau harsuna da yawa cikinsu 'yan tsofaffi ƙalilan suka rage masu yi. Shi ya sa in Ba'amurke ɗan ƙabilar Navajo ko ɗan asalin Meziko ya ji an ce Turanci kaɗai jikinsa ke yin sanyi, ya san inda maganar ta taɓa kaiwa. A kan batun haɗin kai kuwa ka kawo Suwizalan mai harsunan ƙasa huɗu tana zaune lafiya, ka kawo Pakistan da ta ce Urdu kaɗai har aka harbe ɗalibai a Dhaka ranar 21 ga Fabrairun 1952, ka kawo maƙwabciyarmu Kamaru inda a 2016 lauyoyi da malaman yankin masu Turanci suka fito saboda ana turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci, ga inda abin ya kai. A duk waɗannan tilastawa ce ta kunna wutar.

Alƙaluma kada ka cika su, biyu uku sun isa amma su zama na gaskiya. Hukumar ƙidaya ta Amurka ta nuna kusan kashi 78 cikin ɗari Turanci kaɗai suke yi a gida, wajen mutum miliyan 68 na yin wani yare a gida, mafi yawa Sifaniyanci, kuma fiye da rabin waɗannan ɗin sun iya Turanci sosai, waɗanda Turancinsu ke da rauni basu wuce kashi 8 zuwa 9 na jama'a ba. Harsunan da ake yi a ƙasar sun haura 350. Toh ina barazanar da Turanci ke ciki? Abin da aka daɗe da gani shi ne iyaye su zo da yarensu, 'ya'ya su riƙa haɗa biyu, jikoki kuwa Turanci zalla, haka ta faru da Jamusawa da Italiyawa, haka take faruwa da mu yanzu, je ka gidan duk wani Alhaji da ya shekara ashirin a can ka yi wa autansa Hausa ka ji da me zai amsa maka. In akwai yaren da ke cikin haɗari a gidajenmu na Amurka wallahi namu ne.

Daga nan ka tambayi wace jiha ake magana, domin rayuwarka ta yau da gobe jiha da birni ne ke riƙe da ita fiye da Washington. Jihohi sama da 30 sun riga sun ayyana Turanci tun kafin Trump, a wasu abin ado ne kawai ba ya hana komai, a wasu kuma yana cizo. Arizona ta yi mai tsauri a 1988 wadda ta hana ma'aikacin gwamnati yin wani yare a bakin aiki, kotun ƙolin jihar ta rushe ta a 1998. Alabama ta mayar da jarrabawar lasin tuƙi Turanci kaɗai, aka kai ƙara har kotun ƙoli a 2001. Hawaii kuwa harsunan hukuma biyu gare ta tun 1978, Alaska ta ƙara harsunan 'yan asali 20 a 2014. Birnin New York yana da dokarsa ta 2017 da ta wajabta wa ofisoshin birni fassara muhimman takardu zuwa harsuna 10, cikinsu akwai Faransanci da Larabci, ga kuma tafinta ta waya a sauran harsuna, umarnin shugaban ƙasa bai taɓa wannan ba. Kaga wanda ke Bronx da wanda ke Greensboro ta jihar North Carolina ba lallai amsarsu ta zama ɗaya ba, kowa ya binciki tasa jihar.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya, asibiti. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, sashe na 6, ta hana duk mai karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasar mutum, kuma a shari'ar Lau da Nichols ta 1974, kan yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 a makarantun San Francisco da aka bari a aji basu jin komai, kotun ƙoli ta ce wannan bambanci ne. Akwai kuma sashe na 1557 na dokar inshorar lafiya ta 2010 wadda ake kira Obamacare. Waɗannan dokokin majalisa ne, umarnin shugaban ƙasa ba ya goge su, kuma kusan kowane asibiti na karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, watau inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi da ta masu ƙaramin ƙarfi. Ma'ana tafinta kyauta ne, ba alfarma ake maka ba. Tun wajen yin rajista ka faɗa, in Turancinka bai kai ba ka haddace wannan jimla ɗaya, I need a Hausa interpreter, ko ka sa a rubuta maka a kati ka saka a walat tare da katin inshora. Ka ce a rubuta yarenka a fayil ɗinka don kada kullum a sake daga farko. In zaka ɗauki alƙawarin ganin likita ka faɗa tun a waya, saboda Hausa ba kamar Sifaniyanci bace da ake samun mai yi nan take, wani lokaci sai an jira kafin kamfanin ya samo mutum.

Kuma don Allah a daina sa yara. Na raka wata gwaggo 'yar Maraɗi mai ciwon suga wani asibiti, ta taho da jikarta 'yar shekara goma sha ɗaya don ta yi mata tafinta kamar yadda suka saba, likita ya tambayi abin da ya shafi fitsari da ƙaiƙayin gaba, yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta ta ce da likita wai kakarta ta ce lafiya lau, alhali ko tambayar bata isar ba, kunya ta hana ta, ita ma gwaggon ko an isar ba zata amsa a gaban jikarta ba. Da aka fitar da yarinyar nas ta turo allon nan mai taya wanda ake kiran tafinta ta bidiyo, aka samu mace, sai ga magana ta fito, ashe wata biyu tana fama, kuma allurar insulin ɗin da aka ce ta yi kafin cin abinci ita bayan ci take yi. Ƙa'idar ma ta hana asibiti dogara da ƙaramin yaro in ba gaggawa ba, ta kuma hana su ce sai ka zo da naka tafintan. Mace na da damar cewa mace take so. In an haɗa ku da tafinta ku gaisa tukunna ku ji bakin juna, don Hausar Damagaram da ta zangon Kumasi da ta Kano duk ana fahimtar juna amma wurin sunan cuta da magani da faɗin lokaci akan samu saɓani, wani aron Faransanci yake yi wani na Turanci, in kaji baku daidaita ba ka ce a canza, ba rashin kunya bane. Wanda ya yi boko a Nijar kuma Faransancinsa ya zauna zai iya karɓar tafintan Faransanci in Hausa ta yi wuyar samu, amma kada a liƙa wa tsohuwar da bata taɓa shiga lakwal ba Faransanci don kawai fasfonta na Nijar ne. Kafin ka tashi ka maimaita wa likita yadda zaka sha maganin da bakinka, ƙwaya nawa, sau nawa, kafin abinci ko bayansa, tafinta ya mayar masa ya tabbatar. Kada ka sa hannu a takardar yarda da tiyata sai an karanta maka ita. In an hana ka tafinta ka rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya hana, ka nemi ofishin da ke karɓar koken marasa lafiya a cikin asibitin tun kana wurin, kada ka bari sai ka koma gida ya zama ihu bayan hari.

Kotu da 'yan sanda, nan maganar gajeriya ce amma kuskure ɗaya na iya cin shekaru. In an kama ka ka ce kana son lauya kana son tafinta, ka yi shiru, kada ka yi ta gyaɗa kai kana yes yes don a ga kana da ladabi, ana rubutawa. Kotunan tarayya suna da dokar tafinta tun 1978, kotunan jihohi ma na bayarwa a shari'ar laifi, a kotun shige da fice ita kotun ce ke kawo tafinta. Amma intabiyun neman mafaka da ake yi a ofishin USCIS, hukumar da ke kula da takardun baƙi, kai zaka zo da naka, wanda ya kai shekara 18, ba lauyanka ba, ba shaidarka ba, ba kuma ma'aikacin gwamnatin ƙasarku ba, ka zaɓi mai amana wanda ba zai ƙara maka gishiri a labari don yana ganin taimako ne ba, ƙarin nan shi ke rusa kes. Wajen zama ɗan ƙasa akwai gwajin Turanci, amma wanda ya kai shekara 50 kuma ya shekara 20 da girin kad, katin zama na dindindin, ko 55 da shekara 15, an ɗauke masa Turancin, zai amsa tambayoyin tarihi da mulki da yarensa ta bakin tafinta, iyayenmu da yawa basu san wannan ba suna zaune suna tsoro. Ranar zaɓe kuma, dokar 1975 da ta kawo takardar ƙuri'a da wasu harsuna bata haɗa da harsunan Afirka ba, amma wanda ba ya iya karanta takardar yana da damar shiga da mai taimaka masa wanda ya zaɓa, in dai ba ubangidansa na aiki bane ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa.

In gardamar ta juyo gida, wanda kullum sai ta juyo, kada ka ɗauko hujjar Amurka ka ɗora wa Najeriya yadda take. A can Turanci yaren gidan mafi yawan mutane ne, ana maganar 'yan tsiraru ne. A Najeriya kuwa yaren ofis da jarrabawa ne, mafi yawan jama'a ba da shi suka tashi ba, an riƙe shi ne don ƙasa mai harsuna wajen 500 ta rasa wanda kowa zai yarda da shi. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar tarayya zata yi aiki da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadi, tanadin da har yau ake jira. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta in ba ya jin yaren kotu. A 2022 gwamnati ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya ce an soke an koma Turanci. Nijar kuma a Maris ɗin 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama na aiki, kuma adalci shi ne tambayar da muka yi wa Amurka mu yi wa kanmu, Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafulatanin da ba ya jin Hausa wa zai saurare shi a asibiti da kotu. In muka ƙi yin wannan tambayar bakinmu ya mutu a waccan.

Shi kuwa koyon Turancin, doka bata taɓa koya wa kowa ba, aji ke koyarwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Laburaren gwamnati a New York da sauran manyan birane na da azuzuwa kyauta, kwalejojin unguwa ma haka, akwai na dare akwai na Asabar, sau da yawa layi ne sai ka yi rajista da wuri. Magidanta ku bar matanku su je, ku riƙe yaran awa biyun nan, ita ce ke kai yaro asibiti ita ke zuwa makaranta in an kira iyaye. Wannan ma hujja ce a hannunka, duk wanda ya ce yana son baƙi su iya Turanci ka tambaye shi ko ya yarda a ƙara kuɗin waɗannan azuzuwan. A gida kuma ku yi wa yara Hausa ba fashi, Turanci zai same su a makaranta ko kun so ko kun ƙi. Samari da 'yan matanmu da Allah ya ba baki biyu, ana neman ku, masu fassarar Hausa da suka samu horo sun yi ƙaranci, kwas ɗin tafintan asibiti na farko awa 40 ne, ana yinsa ta intanet, daga nan ka yi rajista da kamfanonin da asibitoci da kotuna ke kira, ana biya kuma kana iya yi daga ɗakinka. Limamai da shugabannin ƙungiyoyin gari su tattara sunayen waɗanda suka yi kwas ɗin, maza daban mata daban, a liƙa lambobinsu a allon sanarwa na masallaci.